Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Jihar Kebbi: A Bar Iyayen Yara Masu Buƙata ta Musamman Su Ga Makaranta Kafin Su Zaɓa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi,
Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,
Gidan Gwamnati, Birnin Kebbi.



Shekarar da yaro ya gama aji shida na firamare ita ce shekarar da iyayensa ke yanke shawarar makarantar da zai shiga ta gaba. A yawancin gidajen Masarautar Zuru, wato ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Danko/Wasagu da Sakaba, shawarar ba ta cin lokaci. Ana duba makarantar da ta fi kusa, ko wadda yayyen yaron suka yi, ko wadda aka tura sunansa bayan jarrabawa, ko wadda aljihun uba zai iya ɗauka. A gidan da yaron kurma ne, ko makaho, ko gurgu, ko zabiya, ko mai amosanin jini, ko mai farfaɗiya, ko mai jinkirin fahimta, waɗannan ma'aunai ba su isa ba. Makarantar da yayyensa suka gama lafiya tana iya zama wurin da shi ba zai iya hawa dakalin ajinsa ba, ko ya zauna shekara uku bai ji abin da malami ke faɗa ba. Hanyar sanin haka kafin a ɗinka yunifom ita ce a je makarantar a gani, tare da yaron, a ranar da ake karatu. Wannan wasiƙa roƙo ce ga gwamnatin jiha ta mayar da irin wannan ziyara haƙƙi mai tsari, da lokacinta sananne da wanda aka ɗora wa alhakinta.

Abin da ya sa wannan gaɓa ta fi sauran haɗari shi ne tazarar da ke tsakanin firamare da sakandare. A firamaren unguwa ko ta ƙauye, malamin aji ya san yaron tun yana ƙarami, ya san uwarsa, ya san cewa idan ya yi shiru ya kifa kai a kan benci ciwo ne ya taso masa. 'Yan ajin kuma tare suka tashi da shi, sun saba da tafiyarsa da maganarsa, wani ma shi ke riƙe masa hannu su tsallake kwata. Ranar da ya shiga ƙaramar sakandare duk wannan sani ya zube. Darussa sun kai goma ko sun fi, kowanne da malaminsa, malami ya shigo ya yi minti 40 ya fita. Harabar ta fi faɗi, aji da ɗakin gwaje-gwaje da ban-ɗaki suna nesa da juna. Ga manyan ɗalibai da firifet masu ikon yin horo, ga tafiyar da ta ƙaru daga gida. Abin da ke bin yaro daga hannun hedimasta zuwa hannun shugaban sakandare yawanci sakamakon jarrabawa ne da takardar shaidar kammalawa, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke faɗin cewa kunnensa na hagu ba ya ji.

Yaran da ake magana a kansu ba 'yan kaɗan ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kimanin kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. A wannan yanki akwai dalilai na gida da suka ƙara yawansu. Jihar Kebbi tana cikin zirin ƙasashen da sanƙarau ke addaba, daga Sanagal zuwa Habasha, kuma kurumta tana cikin abubuwan da cutar ta fi bari a jikin yaron da ya tashi daga gare ta. Ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da ruwa da ba a yi wa magani ba su ma suna kashe ji. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da ƙafafunsu yadda ta bar su. Ana ƙiyasta cewa kimanin jarirai 150,000 ake haifa da amosanin jini a Nijeriya kowace shekara. Doguwar naƙuda da shawarar jarirai suna barin wasu da raunin gaɓoɓi ko na ƙwaƙwalwa. A 'yan shekarun nan kuma an samu ƙarin wani rukuni a ƙasar Zuru, yaran da hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, wasu da rauni a jiki, wasu da firgicin da ke hana barci da natsuwa a aji.

Ziyarar da za ta yi amfani tana farawa ne tun daga ƙofar gida. Ƙasar Zuru ƙasa ce mai duwatsu da gangare, kuma ta fi arewacin jihar samun ruwan sama. Hanyar da keken guragu ke bi cikin sauƙi a watan Janairu tana iya zama kwazazzabo a watan Agusta. Manomi ba ya karɓar aron gona sai ya taka ta da damina ya ga inda ruwa ke kwanciya, kuma haka ya kamata iyaye su bi hanyar makaranta da ƙafarsu, su auna tsawonta da lokacin da za ta ci, su lissafa kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa na kwana biyar a mako, su san wanda zai raka yaron ranar da wansa ba shi da lafiya. Yara da yawa sun bar karatu a kan wannan lissafi kaɗai, tun ba a kai ga maganar malami da littafi ba.

Daga ƙofar makaranta zuwa aji, ido ya fi tambaya amfani. Yawancin azuzuwan gwamnati an gina su ne a kan dakali mai matakala biyu ko uku. Inda aka yi gangaren siminti domin keken guragu, sai a duba tsayuwarsa. Ƙa'idar da magina ke bi a duniya ita ce tsawon mita 12 ga kowane tsayin mita 1, kuma gangaren da ya fi haka miƙewa yaro ba zai iya tura kansa a kai ba, saukowa kuma haɗari ce. Sai a duba faɗin ƙofa, da benci mai haɗe da tebur wanda ba ya barin gurbin keke, da ramukan da suka fashe a daɓen aji. Ga makaho, abin lura shi ne lambatu marar murfi, da tagar ƙarfe da ke buɗewa waje daidai tsayin goshi, da guntun rodi da aka bari a tsaye bayan gini. Idan ajin da aka ba yaron yana saman bene, ana iya tambayar shugaban makaranta ko zai yarda a sauko da ajin ƙasa. Wannan gyara ba ya cin ko kwabo, kuma amsar da aka bayar tana nuna halin makarantar fiye da fentin da ke jikin ganuwarta.

Ban-ɗaki shi ne wurin da baƙi ba su cika leƙawa ba, kuma shi ne ya fi yanke hukuncin ko yaro zai daɗe a makaranta. Masai na tsuguno ba ya amfani ga wanda ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, sai dai ya dafa ƙasa da hannu, kuma duk wanda ya san halin masai na ɗalibai ɗaruruwa ya san abin da hakan ke nufi. Yaron da ya gane haka sai ya daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya matsa masa, daga nan ciwon mara ya biyo baya. Ga yarinyar da ta fara al'ada lamarin ya fi tsanani. Tana buƙatar ƙofa mai sakata, da ruwa a kusa, da malama mace da za ta iya faɗa wa damuwarta. Uwa ce ta fi dacewa ta duba wannan sashe, shi ya sa ziyarar da uba ya je shi kaɗai ta kan dawo da rabin labari.

A cikin aji kuwa, sai an zauna an ga darasi guda daga farko zuwa ƙarshe. Yaro zabiya ba fatarsa kaɗai ke buƙatar kulawa ba, idonsa ma ba ya gani daga nesa kuma haske mai ƙarfi yana damunsa. Abin da zai taimake shi sananne ne: kujerar gaba nesa da hasken taga, allo mai baƙi sosai da rubutu manya, izinin sa hula da riga mai dogon hannu ko da sun saɓa wa yunifom, da sauke masa tsayuwar taron safe da aikin shara a cikin rana, domin rana ce ke jawo wa zabiya ciwon dajin fata. Yaro mai ƙarancin ji yana karanta leɓen malami ne, don haka malamin da ke magana yana fuskantar allo ya riga ya fitar da shi daga darasin. Ajin da ba shi da silin, idan ruwa ya sauka a kan kwanon rufi, ko mai lafiyar kunne da ƙyar yake ji. A makarantu da yawa kuma shifta ake yi wa ɗalibai su rubuta, wanda ba ya ji sai ya koma kwafar littafin maƙwabcinsa da kurakuransa duka. Iyaye ba sa buƙatar digiri kafin su lura da waɗannan abubuwa. Suna buƙatar a bar su su shiga su zauna a bayan aji.

Maganar kurame tana da wani ƙulli na harshe da ya kamata a warware. Yaron da ya tashi a gidan Dakarkari ko Fakkawa ko Dukkawa ko Kambari yana jin harshen gida, ya tsinci Hausa a kasuwa, ya tarar da Turanci a aji. Kurma daga irin wannan gida yana zuwa ne da alamun hannu da shi da danginsa suka ƙirƙira, ko da maganar hannu irin ta kuramen ƙasar Hausa. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kurame na Nijeriya kuwa ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya yaɗa ta makarantar da ya buɗe a Ibadan a 1960. Saboda haka idan an ce akwai malami mai maganar hannu, tambayar da ke biye ita ce ko shi da wannan yaron za su fahimci juna. Minti goma na zama tsakaninsu a gaban iyaye ya isa ya ba da amsa.

Akwai kuma naƙasar da ba a gani da ido, wadda ta fi jawo wa yaro bulala. Mai amosanin jini yana kama da kowa har sai ciwo ya tashi, kuma ƙishirwa da sanyi da aikin ƙarfi da zazzaɓin cizon sauro su ne ke tayar da shi. Horon tsallen kwaɗo, ko durƙuso a rana, ko ɗebo ruwa daga nesa, yana iya kwantar da shi asibiti. Yana buƙatar gorar ruwa a gefensa da izinin fita ban-ɗaki ba tare da dogon bayani ba, kuma yana buƙatar makarantar da za ta taimaka masa ya cim ma darussan da suka wuce shi lokacin jinya. Mai farfaɗiya kuma abin da ya fi cutar da shi shi ne abin da mutane suka yarda da shi game da ciwon. Har yanzu ana guje wa wanda ya faɗi saboda tsoron yawunsa, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Abin da ake so a yi shi ne a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, a kai shi asibiti idan jijjigar ta wuce minti biyar. Uba yana da haƙƙin ya tambayi malamin aji abin da zai yi idan ɗansa ya faɗi, ya kuma tambayi nisan makarantar da asibiti da wanda zai ɗauki yaron zuwa can. Mai jinkirin fahimta shi ne aka fi zalunta a cikinsu, domin sunan da ake ba shi daƙiƙi ne. A ziyara ana iya duba yadda malami ke yi da ɗalibin da ya ba da amsa ba daidai ba, ko ya sake masa bayani, ko ya bar aji ya yi masa dariya. Lokacin tara ma abin kallo ne: wane ne ke zaune shi kaɗai, kuma wane suna ake kiransa da shi.

Jarrabawa tana da nata tambayoyin, kuma gara a yi su tun ranar farko. Hukumomin WAEC da NECO suna da tanadi ga ɗalibai masu buƙata ta musamman, kamar takardun tambaya da rubutun makafi ko da manyan baƙaƙe da ƙarin lokaci, amma sai makaranta ta bayyana halin ɗalibin lokacin rajista. Hukumar JAMB ma tun 2017 take da wani kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. Makarantar da ba ta san da wannan tanadi ba za ta yi wa yaro rajista kamar kowa, ya shiga ɗakin jarrabawa ya tarar da takardar da ba zai iya karantawa ba bayan shekara shida na wahala.

Zaɓi mafi nauyi shi ne tsakanin makarantar kusa da gida da makaranta ta musamman. Makarantun musamman suna da daɗaɗɗen tarihi a Arewa. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, akwai ta Tudun Maliki a Kano, da ta A. A. Raji a Sakkwato, da ta jiha a Birnin Kebbi. A irinsu ne makaho ke samun mai koya masa rubutun makafi da allon hudawa, kurma kuma ya samu abokan da yake hira da su ba tare da tafinta ba, abin da ba ƙaramar ni'ima ba ce ga yaron da ya tashi shi kaɗai a cikin masu ji. Sai dai daga Zuru zuwa Birnin Kebbi tafiya ce ta sa'o'i, ta Dabai da Mahuta da Koko da Jega, kuma kai yaro ɗan shekara goma sha biyu can yana nufin kwana, da rabuwa da uwa na tsawon zango, da kuɗin mota duk lokacin da ya yi rashin lafiya. Babu amsa guda da ta dace da kowane yaro. Gurgu mai kaifin ƙwaƙwalwa ba shi da dalilin barin garinsu in an gyara masa dakali da masai. Makahon da bai taɓa koyon rubutun makafi ba kuwa zai yi wuya ya amfana da ajin da babu wanda ya iya shi. Iyaye ne ya kamata su yanke hukunci, bayan sun ga wuraren biyu.

Makarantar kwana a wannan yanki ba a maganarta ba tare da maganar tsaro ba. A ranar 17 ga Yuni 2021 aka sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A watan Nuwamba na 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Kowane uba a ƙasar Zuru yana da wannan a zuciyarsa, amma uban kurma yana da ƙarin tambaya, domin 'yarsa ba za ta ji ƙararrawa ko ihu da dare ba. Mai keken guragu ba zai iya gudu ba, makaho bai san inda sauran suka nufa ba. Duk shirin da makaranta ta yi na ko-ta-kwana, ya kamata ya ƙunshi sunan wanda zai tayar da wane, da wanda zai ɗauki wane. Haka nan yarinya kurma ko mai raunin fahimta ta fi shiga haɗarin masu lalata da yara, saboda sun san da wuya ta iya bayyana abin da aka yi mata. Iyaye suna da haƙƙin ganin ɗakin kwana, da sanin wadda ke kwana kusa da ɗalibai, da hanyar da yaro zai bi ya kai ƙara.

Duk da wannan amfani, iyaye kaɗan ne ke yin ziyarar, kuma dalilan a fili suke. Babu ranar da aka ware mata, don haka wanda ya je yana zuwa ne a matsayin mai neman alfarma. Maigadi yana iya tsayar da shi a ƙofa, shugaban makaranta yana iya kasancewa ya tafi taro, kuma manomin da bai yi boko ba yana jin nauyin ya ce a nuna masa masai. Akwai kuma tsoro mai tushe. Iyaye da yawa suna ɓoye ciwon ɗansu don kada a ce babu gurbi, ko a ce su kai shi makarantar irinsu. Sai a karɓi yaron ba a san halinsa ba, ranar da ya faɗi a taron safe kowa ya rikice, daga nan a kira uban a ba shi shawarar ya ajiye shi a gida. Malamai ma ba su da laifi a kowane hali. Wanda ke da ɗalibai masu yawa a aji guda, ba a taɓa horar da shi kan wannan fanni ba, kuma ba a gaya masa komai game da yaron ba, ba a yi masa adalci ba in an ɗora masa laifin duka.

Doka ta riga ta tsaya wa waɗannan yara. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, har ƙarshen ƙaramar sakandare. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda sashenta na 17 ya ba su haƙƙin ilimi kyauta har matakin sakandare, sashe na 18 kuma ya ce kowace makarantar gwamnati ta zama mai karɓar kowa, da aƙalla ma'aikaci guda da aka horar kan kula da karatunsu. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Amma mafi yawan makarantun sakandaren ƙasar Zuru na gwamnatin jiha ne, in ban da irin kwalejin fasaha ta Gwamnatin Tarayya da ke garin Zuru da makarantu masu zaman kansu. Saboda haka zartar da abin da dokar ta nufa yana hannun Birnin Kebbi.

Wasu ƙasashe sun tsara wannan gaɓa ta zaɓar wa yaro makaranta tun da daɗewa. A Ingila makarantun sakandare suna buɗe ƙofa ga iyaye a farkon shekarar ƙarshe ta firamare, kowace makarantar gwamnati tana da malami guda da aka ɗora wa kula da masu buƙata ta musamman, kuma yaron da ke da takardar tsarin tallafi dole ne hukuma ta rubuta sunan sakandarensa a ciki zuwa ranar 15 ga Fabrairu, watanni kafin ya shiga. Kenya, wadda halinta ya fi kusa da na nan, tun 1984 ta fara kafa cibiyoyin tantance yara a gundumomi, inda ake auna ji da gani da fahimtar yaro a ba iyayensa shawarar makarantar da ta dace da shi.

Abin da ake roƙo a Jihar Kebbi bai kai wannan tsada ba. Ma'aikatar Ilimin Firamare da Sakandare tana iya ware mako guda a zango na uku, tsakanin Mayu da Yuli, lokacin da damina ta sauka kuma ake cikin karatu, ta umarci kowace sakandare, ta gwamnati da mai zaman kanta, ta karɓi iyayen yara masu buƙata ta musamman da ke aji shida tare da yaran. A bar su su shiga aji, su ga masai da famfo da ɗakin kwana, su zauna da shugaban makaranta. Kowace makaranta ta sanya malami guda da malama guda da za su tarbi baƙin, su ne kuma za su ci gaba da bibiyar yaron in ya shigo. A rubuta ƙarara a cikin umarnin cewa bayyana naƙasar yaro ba zai zama dalilin hana shi gurbi ba, domin in babu wannan tabbaci iyaye za su ci gaba da ɓoyewa. Hedimastoci kuma, ƙarƙashin hukumar SUBEB, su cike takarda mai shafi guda game da kowane irin wannan yaro, da yardar iyayensa, ta bi shi zuwa sakandare: abin da yake iyawa, abin da ke ba shi wahala, maganin da yake sha, da abin da za a yi idan ciwo ya tashi.

Sanarwar ta bi hanyoyin da mutanen karkara ke jin labari, wato rediyo, da masallatan Juma'a da majami'u, da hakimai da dagatai ta hannun Majalisar Masarautar Zuru, cikin Hausa da harsunan yankin. A sa shugabannin ƙungiyoyin makafi da guragu da kurame a cikin shirin tun daga farko, domin su ne suka san gidajen da ake ajiye yara a ɗaki, kuma wanda ya yi rayuwa a kan keke ya fi injiniya saurin gane gangaren da ba zai hawu ba. Iyayen da ke son ganin makarantar Birnin Kebbi, ƙananan hukumomin huɗu suna iya haɗa musu mota guda sau ɗaya a shekara.

Gwamnati ma za ta ci riba. Idan ofishin ilimi na shiyyar Zuru ya tattara abin da iyaye suka gani a makon ziyara, zai samu jerin makarantun da ba su da gangaren keke, da waɗanda masansu ba ya shiguwa, da garuruwan da ke da kurame masu yawa ba malamin maganar hannu. Da wannan jeri za a san inda za a fara kashe kason da hukumar UBEC ke warewa domin ilimin masu buƙata ta musamman, da abin da za a sa a cikin kwangilar gyaran makarantu ƙarƙashin shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kebbi tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga. Za a kuma san adadin malaman da ya kamata a tura Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo, ko sassan ilimi na musamman na Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos. Ba kowace makaranta ce za a iya gyarawa a shekara guda ba. Ana iya farawa da sakandare guda a kowane ɗaya daga garuruwan Zuru da Mahuta da Ribah da Dirin Daji, a wadata ta da malami da kayan aiki, iyayen yankin su san akwai inda za su dosa.

Mai Girma Gwamna malami ne kafin ya zama gwamna, har ya shugabanci Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, don haka ya san abin da takardar umarni daga ma'aikata ke yi a ofishin shugaban makaranta. Makon ziyara da takardar miƙa yaro ba sa jiran sabon kasafin kuɗi ko sabuwar doka daga majalisa. Ana roƙon Mai Girma Gwamna ya umarci ma'aikatar ta fitar da wannan takarda kafin zango na uku mai zuwa, a fara aiki da ita a makarantun Masarautar Zuru, sannan a faɗaɗa ta zuwa Yauri da Argungu da Gwandu.

Allah ya taimaki Gwamna, ya ba Jihar Kebbi zaman lafiya.

Daga Zuru, Jihar Kebbi.